Ɗan Farin da Ya Fito a Jikin Ƙwarya

Shekarun baya, da ɗan dama yanzu, lokacin ina fama da digirina na biyu a fannin nazarin zamantakewar al'umma, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya, daga baya kuma in ji jikina ya yi sanyi. Na daɗe ina son in ba ku labarin, yau dai Allah ya yi.

Bincikena a kan matan Fulani ne waɗanda suka baro ruga suka zauna a cikin garin Bauchi. Abin da nake son sani shi ne, shin sun rabu da daji ke nan gaba ɗaya, ko kuwa da sauran abin da ke ɗaure su da can? Ni kuwa 'yar unguwar Ƙofar Ran ce a cikin birnin Bauchi, nan aka haife ni, nan na girma. Saniya ban santa ba sai in an ja ta an wuce da ita ta ƙofar gidanmu, nono kuma sai a ƙwaryar mai talla. Amma fa a lokacin ina ji da kaina. Na zauna na tsara takardar tambayoyi har shafi huɗu, na kwaikwayo ta daga littattafan da muka karanta, na mayar da ita Hausa, kowace tambaya da ɗan akwatinta na cikewa. Da na buga ta na riƙe a hannu, wallahi gani nake ba a taɓa yin irinta ba a sashenmu.

Makonni na yi ina hawa keke zuwa wata unguwa a bayan gari inda da yawansu suke zaune. Kuma sun karɓe ni hannu bibbiyu. A shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, wani gidan har da fura. In tambaya, su amsa a taƙaice. Yaya zaman gari? Lafiya lau. Kuna kewar ruga? Sai godiya. 'Ya'ya nawa gare ki? A faɗa. Suna ina? Ga su nan cikin gari. A cikinsu akwai wata dattijuwa doguwa, siririya, wadda duk unguwar ke girmamawa, ni ma na bi bakin jama'a ina ce mata Inna. Ita ta ce mini 'ya'yanta huɗu, duka suna Bauchi, biyu na sana'a, biyu na gidan aure. Na rubuta huɗu, na wuce tambaya ta gaba.

Da na haɗa komai sai sakamako ya fito tsaf: iyalan nan sun yanke hulɗa da kiwo, duk zuriyarsu ta dawo gari. Na rubuta shi da manyan kalmomi. A lokacin saura wata biyu wa'adin karatuna ya cika. In ban miƙa aikin ba kafin nan, jami'a za ta sallame ni, wahalar shekara uku ta tashi a banza. Abin da ya rage mini kawai shi ne sa hannun malamar da ke duba aikina.

Malamar nan 'yar ƙaramar mace ce, ba ta ɗaga murya, gilashinta kullum a kan karan hanci. Amma ɗalibai sun fi tsoron shirunta a kan tsawar sauran malamai. Na kai mata aikin ofis ina jiran yabo. Ba ta ma buɗe babin sakamakon ba, sai ta ce in kawo ainihin takardun da na cike a gidaje. Ta baje su a kan tebur, ta daɗe tana dubawa, tana ɗaga wannan tana ajiye wancan.

"Wannan ta ce ta haura shekara talatin da aure," in ji ta, "amma babban ɗanta a nan bai kai ashirin da biyar ba. Wannan ma haka. Ga wata. Duk matan unguwar nan sai da suka shekara biyar ko shida a ɗaki kafin su fara haihuwa?"

Na ce, "Malama, abin da suka faɗa mini ke nan."

Ta cire gilashin ta dube ni. "Ke ce ta nawa a ɗakinku?"

"Ni ce ta fari."

"Mahaifiyarki ta taɓa kiran sunanki?"

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige. Ni da mahaifiyata tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "waccan". In baƙuwa ta tambaye ta yara, daga ƙanena take farawa, ni ina zaune a gabanta tana tsallake ni kamar ba ta gan ni ba. A cikin kunyar ɗan fari na tashi, a gidanmu na Hausawan birni ma ke nan, balle Fulani da suka fi mu riƙe ta. Amma da na ɗauki biro da takarda sai na manta da gidanmu gaba ɗaya. Duk 'ya'yan farin unguwar nan babu ko ɗaya a cikin bincikena, kuma ban san inda suke ba.

"Ba zan sa hannu ba," ta ce a hankali, tana tattara takardun. "Ki je ki nemo su."

Kun san mai gaggawa. Washegari da sassafe na dira gidan Inna. Na same ta a tsakar gida tana saƙa faifai, surukarta na wanke-wanke, ga maƙwabta biyu a zaune. Ko gama gaisawa ba mu yi ba na zaro takarda na ce, "Inna, ashe akwai wanda ba ki faɗa mini ba. Ɗan farinki, ya sunansa, kuma yana ina?"

Inna ta ajiye faifan a hankali, ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule. Surukar ta tsame hannu daga ruwa ta ce, "Haba baiwar Allah! A gaban mutane?" Na yi zaman kusan awa guda, Inna ba ta fito ba. Kafin kwana biyu labari ya zaga unguwa. Gidan da na yi sallama sai a ce matar gidan ba ta nan, alhali ga takalmanta ina gani a bakin ƙofa.

Na koma wurin Malama idona taf da hawaye. Na ce to ko in bi maƙwabta da dangi su faɗa mini adadin, in gyara lambobin kawai, tunda lokaci na ƙurewa. Ta ce, "Lamba kam za ki samu. Amma ba lamba kika ce kina nema ba. Cewa kika yi kina son sanin ko sun rabu da daji, wannan kuwa maƙwabciya ba za ta amsa wa mace ba." Daga nan ta yi mini bayanin wata hanyar bincike da na taɓa gani a littafi na wuce, don a ganina wasan yara ce: a bar mutane su zana, ko su saƙa, ko su rera, sannan su da kansu su yi bayanin abin da suka yi. Ta ce wani abin baki ba ya iya ɗaukarsa, amma in ka ba hannu aiki sai ya fito da shi. Ta ce ranar Asabar za ta raka ni.

Ni kuma don in nuna na fahimta, sai na je na sayo manyan fararen takardu da fensira masu kala cike da leda. Ranar Asabar ta taso daga GRA a motarta ta ɗauke ni. Ta leƙa ledar ta ce, "Waɗannan na 'yan aji nawa ne?" Ta ce in bar su a mota.

Abin da na gani a gidan Inna ranar shi ya sa har gobe nake ganin girman matar nan. Dokta ce, ta yi karatu har ƙasashen waje, amma tun daga zaure ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, ta gaida Inna da Fulatanci ɗan wanda ta iya. Sannan ta nuna ni ta ce, "Inna, 'yarki ta yi wauta, ni na koyar da ita, don haka laifina ne. Na zo ba da haƙuri." Inna ta ce, "Yarinya ne, ba komai." Suka shiga hirar ruwan sama da ciwon gwiwa. Ba littafi, ba biro, ba rikoda. Ni ina gefe ina ta duba agogo a sace, ina cewa a raina yaushe za a fara aiki, ashe aikin ake yi.

Can iska ta ɗaga labulen ɗakin, Malama ta hango ƙore a jere a kan gado, manya da ƙanana, duk jikinsu zane. Ta nemi izini a ɗauko mata ɗaya. Ta juya ta, ta sake juyawa, tana bin zanen da yatsa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, tun ina ruga," in ji Inna. "A gari wa ke zanen ƙwarya? Roba ya cika ko'ina."

"Hannun bai manta ba dai?"

Inna ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. "Hannu yana mantawa ne?"

Malama ba ta yi mata wayo ba. Ta faɗa mata komai a fili: bincike muke yi a kan zaman mata irinta a gari, muna so su taru su zana mana gidansu a jikin ƙwarya, kamar yadda yake a ransu. Wadda ba ta so ba dole. Ba za a rubuta sunan kowa ba. Ƙwarya kuma ta mai zanenta ce, ko hotonta ba za a ɗauka ba sai ta yarda. Inna ta ce za ta yi wa matan magana.

Na je kasuwar Wunti na jido fararen ƙore. Muka riƙa haɗuwa a tsakar gidan Inna bayan la'asar. A hura gawayi, a zuba 'yan wuƙaƙe a ciki, in ƙarfe ya yi ja mace ta zaro ta ɗora a jikin ƙwarya, hayaƙi ya tashi da wannan ƙamshin ƙonuwar. Ranar farko mata biyar suka zo. Ranar ta biyu har waɗanda aka ce mini ba sa nan sun fito. Malama ta ce ni ma dole in zana tawa, ba zan zauna ina kallon mutane kamar alƙali ba. Na kama wuƙa na ja layi ya karkace, na ja wani na ƙone yatsa. Wata ta karɓi ƙwaryar tawa ta ɗaga sama ta ce, "Ku zo ku ga aikin 'yan boko! Wannan ko kaji ba a ba su ruwa a ciki." Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Daga ranar aka daina jin nauyina, don an gano akwai abin da suka fi ni sani nesa ba kusa ba.

Doka ɗaya Malama ta kafa mini. Kada in kuskura in ce "wane ne wannan?" In ce kawai, "wannan layin fa?" Ƙwarya zan tambaya, ba mai ita ba.

A haɗuwa ta uku Inna ta gama tata. A gindin ƙwaryar ta zana wani fili mai kusurwa huɗu, a cikinsa ɗigo huɗu a jere. Can sama kuma, dab da baki, ga wani ɗigo guda shi kaɗai, ya fi sauran girma, ta kewaye shi da ƙahonni. Tsakanin filin da ɗigon akwai layi ɗaya. Sauran layukan duk sau ɗaya ta ja su, amma wannan ta maimaita shi ta sake maimaitawa, har ya yi baƙi ƙirin, ya yi zurfin da saura kaɗan ƙwaryar ta huje.

Na matsa kusa. "Inna, wannan layin fa?"

Ba ta ɗago ba. "Hanya ne. Daga nan yake tashi, ya wuce dutse, ya ƙetare rafi."

"Ta yi zurfi da yawa."

"Ai kullum ana bi."

Na buɗe baki zan ce wa ke bi, Malama ta taɓa ƙafata, na haɗiye. Sai Inna ta ci gaba da kanta.

"In na idar da asuba ina bi. In na ga hadari ya haɗu ta gabas ina bi. In aka ce daji ba lafiya, ranan ba na dawowa ma." Ta ɗora ɗan yatsa a kan babban ɗigon. "Wannan tun yana ƙarami kakansa ya ɗauka. Da muka taho gari, shi wannan ɗin ya ce ba ya barin sauran shanun. Ba ya shan fura da sukari. In yana dariya sai ya rufe baki, kamar babana. Damina uku ke nan bai shigo ba, sai saƙo."

Ta daɗe tana magana, idonta a kan ƙwarya, a gaban surukarta da maƙwabtan da na kunyata ta a gabansu. Ba ta ce "ɗana" ba ko sau ɗaya, ba ta kama suna ba, kuma ba wanda ya ga ta keta wata al'ada. Ni dai kasa riƙe hawayena na yi, na fake da hayaƙin gawayi.

Sauran matan ma da muka bi ƙorensu, da yawa akwai irin wannan alama a ware a gefe. Ba duka ba. Wata shanu kawai ta zana, ta jero mana sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita ke nan abin da take kewa. Wata ta gama zanenta mai kyau ta ce ba za ta yi bayanin komai ba, Malama ta ce a ƙyale ta, wannan ma amsa ce. Amma abin ya fito fili: 'ya'yan farin da na ɓatar su ne akasari aka bari da ragowar dabbobi. Iyalan da na rubuta cewa sun yanke da daji, ashe babban jigonsu yana can.

Na juye aikin kaf, na sake rubuta shi cikin 'yan makonni, Malama na bi tana jan jan biro. Ta sa hannu ana saura kwanaki. Sai dai ga ranar kare aikin a gaban manyan malamai, kuma na san in na je da baki kawai za a ce ni na ƙirƙiri fassarar. Ƙwaryar Inna nake buƙata a kan tebur. Malama ta ce, "Ki je ki roƙe ta. In ta ce a'a, shi ke nan, ko da hakan zai ja miki faɗuwa. Sirrinta ne, ba naki ba." Na san kuma da gaske take.

Na je na durƙusa na yi bayani. Inna ta ɗauko ƙwaryar ta goge ta da bakin zane.

"Su wa za su gani?"

"Malamai ne manya, maza da mata."

"Za ki faɗi sunana?"

"A'a, Inna."

"Nasa fa?"

"Ai ban ma san shi ba."

Ta ɗan yi murmushi, ta miƙo mini da hannu biyu. "To ki kai. Ni dai ban ce komai ba, ƙwarya ne ya faɗa. Amma ki dawo mini da abuna."

Ranar kare aikin, wani farfesa da aka sani da zafi ya kalli abin da na kwance daga cikin zane ya ce, "Yanzu ƙwarya ce ta zama hujjar ilimi? Gobe kuma sai a kawo mana turmi." Aka yi 'yar dariya. Na ajiye takardar tambayoyin Inna kusa da ƙwaryar, na ce, "Ranka ya daɗe, mace ɗaya ce ta ba da duka biyun. Takarda ta ce huɗu." Ya jawo ƙwaryar ya ƙirga da kansa. Ya sa babban yatsansa a cikin layin nan mai zurfi, ya bi shi tun daga gindi har baki. Ba wai ya sassauta mini ba ne, ya yi mini tambayoyi har gumi ya jiƙa mini mayafi, musamman a kan yadda na tabbatar ba ra'ayina na ɗora wa zanen ba. Na ce bayanin duk daga bakin masu zanen ya fito, ni rubutawa kawai na yi. Na ci, da gyare-gyare.

Yau ni ma ina koyarwa, kuma ban yar da takardar tambayoyi ba, tana da ranarta. Amma na koyi cewa shirun mutum ba ya nufin ba shi da abin faɗa, wani lokaci hanyar da ka zo da ita ce ba za ta ɓulle da shi ba. Na koyi cewa kafin ka tambayi mutane, ka duba me hannunsu ya saba yi. Kuma duk sanda na tuna Malama a durƙushe a tsakar gidan nan ba takalmi, tana ɗaukar laifin da ba nata ba, sai in ji har yanzu ban kama ƙafarta ba. Ta yi ritaya, Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka mata da alheri.

Sai dai abin da ya fi zama a raina ba ranar cin jarrabawar ba ce, ranar da na mayar da ƙwaryar ce. Na sami Inna ita kaɗai a inuwa. Na gaishe ta, na miƙa mata, na fara zuba godiya ina ba ta labarin na ci. Ta ce madalla. Ta duba ƙwaryar ciki da waje ta ga ba ta tsage ba. Sannan ta kawar da kai gefe, ta rage murya kamar mai tsoron bango ya ji.

"Sun gan shi?"

Na ce, "Sun gan shi, Inna. Biyar suka ƙirga."

Ta ce, "To." Ta rungume ƙwaryar a ƙirji ta shige ɗaki.